Allurar Kaka

Litinin, 6 ga Oktoba

An sallame ni. Babbar Sista ta ce ba kora ba ce, wai dama ina lokacin gwaji, asibiti ne kawai bai tabbatar da ni ba. Na miƙa makullin kabad ɗina, na fito da takalman aikina a leda. In wannan ba kora ba ce, ban san me ake kira kora ba.

Bari in rubuta abin daidai yadda ya faru, tun kafin mutane su gama sa masa gishiri. Alhamis da safe ina rabon magani a ɗakin mata. A ɗakin nan ba a kiran mara lafiya da suna, sai da lambar gado. "Biyu tana amai." "An sallami tara." Ni kaɗai nake tsayawa in tambayi kowace mace sunanta kafin in ba ta ko ƙwaya ɗaya, yadda aka koya mana a makaranta. Har suna suka laƙaba mini, Malama Tambaya. Ran nan Babbar Sista ta leƙo ta ce, "Malama Tambaya, in kin gama gaishe-gaishen, likita na jira." Aka yi dariya. Na iso gado na huɗu, matar tana gyangyaɗi, katin da ke rataye a jikin gadon ya ce insulin, allurar ciwon suga. Na ce mata allura ce, ta miƙo hannu ko ido ba ta buɗe ba. Na yi mata. Ban tambaya ba.

Ashe ranar Laraba da yamma, lokacin ziyara, dangi sun musanya mata gado da ta gado na shida, don mai ciwon sugan da ke gado na huɗun tun farko ba ta son iskar fanka. Matan sun tashi, katunan suna nan inda suke. Ba wanda ya gaya wa kowa.

Wadda na yi wa ba ta da ciwon suga. Ta jiƙe da gumi, ta fara sambatu, aka ɗura mata ruwan suga ta jijiya, ta farfaɗo. Tana raye. Da ƙafarta ta tafi gida.

Sau ɗaya na ƙi tambaya.

Laraba, 8 ga Oktoba

Umma na gaya wa maƙwabta wai hutu aka ba ni. Na ce, "Umma, ba hutu ba ne." Ta ce, "To ba a gida kike ba? Ba hutawa kike ba?"

Ba na iya gardama da Umma, kaina ke ciwo.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Rigimar allurar Kaka.

Tun da na gama makaranta ni nake yi mata insulin ɗinta kowace safiya kafin in fita. Tun ranar da abin ya faru ban taɓa sirinji ba. Na gwada sau ɗaya, na buɗe firij na ɗauko kwalbar, na kasa buɗe ta. Na mayar. Na ce wa Umma a nemi wani, ni na daina.

Yanzu Yaya ne ke ɗauko mai kemis na bakin titi kullum da safe. Yau Kaka ta ce, tana kallon rufin ɗaki kamar ba da ni take ba, "Mun yi asarar kuɗin makaranta. Da awaki aka saya da yanzu sun haihu." Yaya ya yi dariya har yana riƙe ƙofa. Ban ga abin dariya ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Matar gidan da ke kallonmu ta shigo a auna mata hawan jini. Ina ɗaura mata abin awon ta rage murya ta ce, "Allah ya jiƙan baiwar Allahn nan. Kwananta ne ya ƙare, kar ki sa a ranki."

Na ce ba ta mutu ba. Ta ce, "An ce har su biyu." Na ce mutum ɗaya ce kuma tana raye. Ta gyaɗa kai irin na wadda ta fi ni sani.

Jininta ya hau sosai. Na ce ta rage gishiri, ta ce Allah ya saka. Ban san me ya sa na auna ta ba ma. Awo dai ba allura ba ne.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ban fita ba. Ban yi komai ba. Na wanke kwanukan da Umma ta riga ta wanke.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ƙawata da muka gama makaranta tare, wadda har yanzu take aiki a ɗakin matan, ta bugo waya. Wai an kafa sabuwar doka: ba a ba kowa magani sai an tambaye ta sunanta ta faɗa da bakinta. Babbar Sista ce da kanta ke zagayawa tana dubawa. Ƙawata ta ce, "Kin ga ashe ke ce mai gaskiya."

Me zan yi da wannan gaskiyar? In dafa?

Kuma ba ni ce mai gaskiya ba, abin da ba wanda yake son ji ke nan. Umma ta ce laifin dangin ne. Yaya ya ce laifin Babbar Sista ne. Ƙawata ta ce laifin fanka ne, da wasa. Na yarda duk sun sa hannu. Amma sirinjin a hannuna yake, kuma na san dokar fiye da kowa a ɗakin. Na ji kunyar dariya, na tsallake ta. In zan faɗi abu daidai, haka ne.

Talata, 21 ga Oktoba

Ba na son kallon mai kemis yana aiki, amma ɗakin Kaka na jikin nawa, labulen kuma bai kai ƙasa ba.

Ba ya wanke hannu. Daga riƙe bayan babur ɗin Yaya sai kwalba. Yana girgiza ta kamar zai haɗa fenti, alhali murza ta ake yi a hankali tsakanin tafin hannu. Kuma kullum wuri ɗaya yake sokawa, damtsen dama, don shi ne ya fi kusa da ƙofa. Yana yi yana amsa waya.

Na ce wa Yaya ya gaya masa ya riƙa canza wuri. Yaya ya ce, "Likitar gida, ai bakinki bai yi ritaya ba. Faɗa masa mana." Na faɗa masa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, tun kina rarrafe nake allura." Sai ya kalle ni, irin kallon wanda labari ya iske. Na koma ɗaki.

Ba ruwana. Na ce ba ruwana.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Ina taimaka wa Kaka ta sa riga na taɓa damtsen. Ya yi tauri, ƙulli ya fito kamar ƙwai a ƙarƙashin fata. In wuri ya yi haka maganin ba ya shiga jiki yadda ya kamata. Na auna mata suga, ya hau fiye da yadda na taɓa gani a wurinta. Shi ya sa take ta shan ruwa tana zaryar banɗaki, Umma na cewa zafi ne.

Na ce, "Kaka, me ya sa ba ki ce yana miki ciwo ba?" Ta ce, "In gaya wa wa? Nas ɗin gidan tana hutu."

Na rasa wa zan ji haushi. Ita, ko shi, ko ni.

Na ce gobe a kai ta asibiti likita ya gani. An kai ta. (Wannan layin ranar Asabar na ƙara shi. Likita ya ce adadin maganin daidai ne, wurin allurar za a riƙa canzawa. Abin da na faɗa ke nan. Yaya ya dawo yana ba ni labari kamar sabon ilimi.)

Litinin, 27 ga Oktoba

Mai kemis ya zo da safe. Ya ɗauki kwalbar, ya ɗaga hannu zai girgiza, ya nufi damtsen dama. Bayan duk abin da likita ya ce. Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba. Na ce, "Malam, ajiye." Ya ce me? Na ce ya ajiye, an gode, Yaya zai mayar da shi.

Haushi ne kawai. Ina so in rubuta wannan don kar in ruɗi kaina.

Na wanke hannu. Na murza kwalbar, na karanta sunan maganin da ranar lalacewarsa, na sake karantawa. Na ja adadin, na ɗaga sirinjin wajen taga na duba. Umma ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta yi kamar wucewa take.

Na durƙusa na ce, "Kaka, faɗa mini sunanki."

Ta ce, "Ja'ira. Ni na fara ɗaukarki ranar da kika zo duniya, yau ni kike tambaya suna? Wata tsohuwar kika gani a ɗakin nan?"

Na ce sai ta faɗa. Ta dube ni ta daɗe, har na ɗauka zagi ne zai biyo. Sai ta faɗa, har da na mahaifinta da na kakanta, ta ce in ina so ta ƙara da na kajin gidansu.

Na yi mata a cinyar dama. Ta ce, "Har kin yi?"

Na jefar da sirinjin, na mayar da kwalbar firij. Wannan ba ya nufin komai. Tsohuwa ɗaya ce a gado ɗaya, ba wadda za a musanya ta da ita. Takalman aikin da na fito da su daga leda kuwa, don kar su yi wari ne.

Gobe cinyar hagu.