Irin da na rufe a ganga

Litinin, 3 ga Maris
Na buɗe gangar farko yau, wari ya bugo ni kamar na tsumman da aka manta a jiƙe. Na mayar da murfi da sauri. Irin masarar gida goma sha tara ke cikin gangunan nan uku a ɗakin ajiyar coci. Mu baƙi, mu muka ce su daina rataye shi a saman murhu, ganga ta fi. Ni ma na faɗa, da guntun yarensu da na iya, har da zane a allo.

Talata, 4 ga Maris
Sauran biyun ma haka. Na jera ƙwaya ashirin a jiƙaƙƙen buhu, na ɓoye bayan tulu in ga ko za su tsiro. Ban gaya wa mijina, Baban Auta, ba. Yana ta shirin wa'azinsa, har da 'yar waƙa.

Alhamis, 6 ga Maris
Na tuna ranar da na cika gangunan sarai. Asabar ce, na ciza ƙwaya na ji da sauran laushi. Amma ban so a ga matar fasto tana shanya ranar Lahadi. Sai na zuba na rufe. Ni mai takardar aikin gona!

Asabar, 8 ga Maris
Hadari ya haɗo. Wata guda ina roƙon ruwa, yau na ce Ubangiji ya ɗan dakata.

Litinin, 10 ga Maris
Uku cikin ashirin suka tsiro. Auta ta gano buhun, ta ce, "Mama, sauran barci suke yi?" Na daka mata tsawa, ba laifinta ba.
Tsoro nake ji. In abin ya ɓaci, mu mishan za ta aiko mota ta kwashe mu. Su fa, me za su ci baɗi?

Talata, 11 ga Maris
Na gaya wa Baban Auta. Ya ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce kwana takwas. Ya ce kwanakin sun fi masa ciwo a kan gangunan. Wai zai sanar da jama'a. Na ce a'a, hannuna ya rufe, bakina zai faɗa.

Lahadi, 16 ga Maris
Na faɗa wa jama'a bayan sujada. Ba wanda ya ɗaga murya, da sun ɗaga ma da ya fi sauƙi. Wani dattijo ya tashi ya fita.
Tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda nake kira Iya, ta ja hannuna har madafarta. Ta nuna sama. Masara ce a rataye, hayaƙi ya mayar da ita baƙa.
"Rabin irina kawai na ba ki, 'yata, don kada ki ji kunya. Duk matan garin nan haka muka yi."
Ashe wata biyar gyaɗa min kai kawai suke yi. Na yi kuka, ita kuwa tana ta dariya.
Rabin gonaki za a shuka bana. Ɗaya rabin ni na kashe shi, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Laraba, 19 ga Maris
Ruwa ya sauka. Iya ta aiko min da masara shida. Na shuka huɗu, biyu na rataye a saman murhunmu ko shukar za ta ƙi. Ba wani abu ba ne, wurin ajiya ne babu. Baban Auta ya ɗaga kai ya gani, ya wuce abinsa.
Ɗaurin nawa sai kwancewa yake. Gobe zan je wurin Iya ta nuna min.