Gaisuwar da Na Yi Maka Ba Neman Izini Ba Ce

Zuwa ga Alhaji Injiniya Bashari, mai kamfanin manhajar kwamfuta da ke Erdington, Birmingham.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ni ne Nazifi na Salford, wanda ya gina maka manhajar da likitocin unguwa ke ba marasa lafiya lokaci da ita. Na sa wannan takarda a zauren 'yan'uwa na Manchester da na Birmingham ne saboda na kira ka ba ka ɗaga ba, na aiko saƙo ka karanta ka yi gum.

Ga waɗanda ba su san zancen ba: ni ɗan kwantiragi ne, ina da ƙaramin kamfanina mai rajista. A ƙasar nan hukumar haraji na bambanta mai cin gashin kansa da ma'aikacin wani, kuma harajinsu ba ɗaya ba ne. Idan ta yi zargin ma'aikaci ne kai ka fake da sunan kamfani, sai ta buɗe bincike. Da yake kamfanin Alhaji ƙarami ne, nauyin tantance matsayina a wuyana doka ta ɗora shi. An buɗe mini binciken. An tambayi Alhaji yadda muka yi aiki. Amsar da ya bayar ita ce ta kawo mu nan.

Na farko. Alhaji, ka shaida musu cewa ni yaronka ne, ba na motsawa sai da saninka. Akantana ya karanta mini, na ce ya sake karantawa. Ranka ya daɗe, yaushe? Duk Juma'a in zan fita masallaci ina leƙowa ofishinka in yi maka sallama, gaskiya ne. In zan kama jirgin ƙasa na Manchester ina faɗa maka. Haka mahaifiyata ta koya mini a Fagge: ba a tashi a bar babba a zaune kamar an bar kujera. Da Bature ne ya ga haka ya ɗauka izini nake nema, sai in yi masa uzuri. Kai fa? Kai da ka girma a Kano, kai da ake durƙusa maka? Ka san bambancin ladabi da neman izini sarai. Ko sau ɗaya ka taɓa cewa kada in tafi? Da ka ce ma, da na tafi.

Na biyu. Ka ce ina yin duk aikin da ka sa ni. Aikin da muka sa hannu a kai ɗaya ne, manhajar nan. Na'urar buga takardu da na gyara, da wayar Hajiya da na kwashe wa hotuna, da lissafin da na zauna na koya wa 'yarka Ummi kafin jarrabawarta, waɗannan ba sa ni aka yi ba. Roƙona ka yi, ka ce ɗana taimaka, ni kuma na ji kunyar furfurarka. Ko sisi ban caje ka ba. Yau alherin da na yi maka ya zama shaida a kaina.

Na uku, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Yarjejeniyarmu ta ba ni damar turo wani a madadina, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da hukuma ke dubawa. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni a azumin bara, na ce zan turo abokin sana'ata Kabiru. Ba ka hana ba. Cewa ka yi amana ce tsakaninmu, kai dai ka fi natsuwa da hannuna. Na tashi da jiri na ƙarasa aikin daga ɗakina. Sai ga shi ka gaya musu ba a taɓa turo kowa ba, ka tsaya nan, ka haɗiye dalilin.

Ban yi jami'a a Edgbaston kamar 'ya'yanka ba. A laburaren unguwa na koyi sana'ar nan, bayan na tashi daga ɗaukar kaya a sito. A nan kuma na zauna na karanta wannan doka da kaina, shafi bayan shafi. Kwamfutar da na yi aikin da ita tawa ce. Inshora ni na biya. Da manhajar ta samu matsala, ni na gyara da lokacina. Ina da wasu masu ba ni aiki a Manchester, ka sani. Da na yi rashin lafiya ba ka biya ni albashin jinya ba, ba ka ba ni hutu ba, ba ka zuba mini fansho ba. A lokacin ban zama yaronka ba. Sai da mai tambaya ya zo kana son ya ga kai babban mutum ne mai mutane.

Ban ce ƙeta ce ba, Alhaji. Son girma ne. Amma idan hukuma ta gaskata ka, harajin baya da tara za su rufe kamfanin da na gina da hannuna, in koma sito. Ba zan koma ba.

Abin da nake nema: ka rubuta wa jami'in binciken gyara, kafin zaman da zan yi da shi. Ka faɗi cewa ni ke tsara lokacina, cewa na kawo maganar Kabiru, cewa sauran taimako ne na zumunci. Ƙarya ba na so, ko da don a cece ni. Idan ka ƙi, saƙonninmu suna nan, zan kai su da kaina.

Ku kuma matasa masu ƙulla kwantiragi da iyayenmu, ku gaishe su, ku durƙusa, amma ku riƙa rubuta komai.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki, ya raya zuri'a, ya ba ka ƙarfin faɗin gaskiya. Ranar Sallah zan zo gidanka in durƙusa in gaishe ka kamar yadda na saba, don babu dokar da za ta raba ni da tarbiyyata. Sai dai ka sani, wannan takardar ma ban nemi izininka ba.

Wassalam.

Nazifi, Salford