Hayaƙin Madafar Hajo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa.

Ni ne Isyaku ɗan Shehu, mai yin sandar fatsa, wanda mutanen Yakasai ke kira Mai Gora. Ina faɗin wannan wasiyya a watan Rajab na shekara ta 1376, ina kwance a ɗakina. Malam Jafaru limamin unguwa yana rubutawa, maƙwabcina Tanko maƙeri yana shaida. Ƙafafu sun ƙi ni, numfashi ya gajarta, amma hankalina yana nan daram, kuma babu wanda ya sa mini magana a baki.

Zuwa gare ku 'ya'yana da suka rage, Baffa da Gwadabe da Lauratu. Mutuwa ba ta ba ni tsoro fiye da yadda take ba kowane Musulmi. Abin da ke damuna shi ne Hajo, matar yayanku marigayi Salihu, da 'yarsu Mardiya. Ina tsoron ranar da aka fita da ni daga gidan nan, su ma ba za su daɗe ba za su bi bayana da kayansu a ka. Saboda su na kira Malam, sauran maganganun rakiya ce.

Na ɗaya. Ku ji tsoron Allah, ku riƙe salla a kan lokacinta. In na cika kada a jinkirta ni don jiran wani, kuma in akwai wuri kusa da mahaifiyarku Nana a sa ni nan. Lauratu, na san ki da saurin kuka tun kina goye. Ki yi hawayenki, babu laifi, amma ban da kururuwa.

Na biyu. Gado Allah ya riga ya raba shi, ba ni da ta cewa, kuma babu wasiyya ga magaji. Roƙo kawai nake yi: in an zo rabo, ku bar wa Gwadabe kayan aiki a cikin kasonsa, wato wuƙaƙen fiƙa da magagari da kaskon miƙe gora. A hannun Baffa ko Lauratu tarkace ne, a hannunsa abinci ne.

Gwadabe, ka ji ni da kyau. Hannunka ya fi nawa sauri, abin da nake ji maka ke nan. Kada ka yanka wa mutum sanda ba ka gan shi ba, ko da ya aiko da yaronsa da kuɗi a hannu. Ka sa shi ya zo zaure, ka auna kamunsa, ka ba shi tsakuwa ya jefa ka ga ta inda ƙarfinsa yake fita, daga kafaɗa ko daga wuyan hannu. Ka tambaye shi ruwan da yake zuwa. Mai zaman bakin kududdufi yana jiran ƙarfasa, da Baturen Bompai mai zuwa Wudil neman giwan ruwa, ba sanda ɗaya suke buƙata ba, ko da tsayinsu ɗaya. In kana miƙe gora a kan garwashi kada ka yi mata gaggawa, in ta fara zufa ka janye ta. Zobban tagulla kuwa kada ka saya a wurin kowa muddin Tanko yana da rai. Ba don yana zaune a nan yana ji nake faɗi ba.

Akwai alkawari guda da ban cika ba. Wani direban jirgin ƙasa, dogo mai giɓi, na fara masa sanda ciwo ya kayar da ni. Tana jingine bayan ƙofar zaure, saura naɗin alharini da jar fatar mariƙi. Bahago ne, don haka ka juya naɗin ya bi hannun hagu. In ka naɗa yadda ka saba, ɗinkin fatar zai riƙa cin tafinsa.

Na uku, kuma nan ne nauyin maganar yake. Salihu ya riga ni tafiya, shekarar da sanƙarau ya shiga gari. Kun san hukunci: jikar da ubanta ya mutu kafin kakanta ba ta gado muddin akwai baffanninta, matar ɗa kuwa dama ba ta cikin magada. Ban ja da hukuncin Allah ba. Amma Allah da ya yi wannan hukunci shi ne kuma ya bar wa mai mutuwa sulusin dukiyarsa ya sa inda yake so. To, na yi wasiyya da madafar baya, da ɗakin da ke jikinta, da duk gorar da ke rataye a azararta, ga Hajo da Mardiya su biyu. Malam Jafaru ya zaga gidan ya duba, ya ce bai kai sulusi ba.

Bari in tuna muku yadda Hajo ta shigo gidan nan, don mutum yakan manta da abin da yake gani kullum. Salihu nake aikawa Wudil ya gwada sababbin sanduna a kogi, tun da ni ban taɓa iya zaman jiran kifi ba. Sai na ga gwajin ya yi yawa, sanda ɗaya a gwada ta sau uku. Ashe 'yar masunta ya gani. Da maganar ta fito 'yan'uwa suka yi ta tsaki, wai ɗan cikin birni ya rasa wadda zai auro sai mai ƙarnin kifi. Na ce da su, mu da muke cin abinci da fatsa, in muka raina masu kifi ai mun raina tukunyarmu.

Ta zo da sana'ar gidansu. 'Yan'uwanta suna aiko mata da tarwaɗa a mota, tana yin banda a madafar baya, ana sayarwa. Kafin zuwanta kowace shekara sai na yi asarar gora. Ƙwaro yakan shiga ya cinye cikinta, ka ɗauko ta kyakkyawa a ido, ka girgiza sai gari ya zubo. Na gwada toka, na gwada man gyaɗa, na jiƙa a ruwan maɗaci, duk a banza. Shekarar da ta zo, rashin wuri ne kawai ya sa na rataye wani ɗauri a saman murhunta. Bayan damina biyu na sauko da shi, na tarar gorar ta yi ja, ta yi tauri, tana lanƙwasa ta dawo, babu hudar ƙwaro ko ɗaya. Hayaƙin banda ba irin na tuwo ba ne. A hankali yake tashi wuni guda, babu harshen wuta, kuma da maiƙon kifi a cikinsa. Tun daga lokacin ne sunan sandata ya fita daga Yakasai ya kai Fage da Sabon Gari.

Na sha faɗa muku haka kuna dariya, wai Baba dai miyar tarwaɗa ce ba ya so ta yanke. Ina son miyar, ban musa ba. Amma Gwadabe, kai da kanka ka rataye gora a saman murhun tuwo bara don ka gwada ni, ka ga yadda ta tsattsage. Gani ya kori ji. Saboda haka da gangan na sa gorar a cikin wasiyya, ba zan ɓoye maka ba. Daga yau in kana son gora, sai ka je ƙofar Hajo ka yi sallama, ku daidaita kamar yadda masu sana'a biyu suke daidaitawa.

Na huɗu. Baffa, kai ne babba yanzu, kuma kai ne ka fi kowa jin haushin hayaƙin nan. Ban ce ba ka da gaskiya ba. Na ga irin wahalar da ka sha a kan babbar rigar nan mai aska takwas da ka ɗinka, wata da watanni kana duƙe a kanta har idonka ya yi ja. Mai ita ya zo karɓa ana gobe jajibere, ya kai ta hanci ya ajiye ya fita, bai ko waiwayo ba. Na ji maka ciwon wannan har cikin raina, domin na san abin da ake ji in aikin hannu ya dawo. Amma ka shiga madafar baya ka juye tulun ruwa a murhun matar yayanka, kifin 'yan'uwanta ya lalace gaba ɗaya, wannan bai dace da kai ba. Ita kuwa ta kwashe tokar ta zubar. Tun daga ranar ba ku gaisa ba, sai dai ku riƙa kewaye juna a tsakar gida, Mardiya tana kallonku.

Ku biyun kun yi asara, kuma laifin ginin gidan ne ya fi yawa, da ya haɗa ɗakin ɗinki da madafa a iska ɗaya. Ina roƙon Gwadabe da Lauratu su yarda soron sama da ke kan zaure ya faɗa cikin kason Baffa. Yana fuskantar titi, hayaƙi ba ya hawa can, kuma akwai haske mai kyau ga mai allura. Ka mai da ɗinkinka can. Ka gaya wa matarka 'Yardada ita ma ta daina shanya a igiyar baya sannan ta yi ta mita, ga fili nan a gaba.

Na biyar. Kada a ja katanga a cikin gidan nan. Na san shawarar da za a kawo muku bayan arba'in, don na ga an yi a gidaje da yawa: a kewaye wa Hajo ɗakinta, a fasa mata ƙofa ta lungu, kowa ya huta. Alƙali ba zai hana ku ba, domin sulusi bango da ƙasa yake bayarwa, ba ya tilasta wa kowa gaisuwa. Ni nake hana ku, in har maganar uba tana da sauran nauyi bayan an rufe shi. Yarinyar da take shiga gidan kakanta ta lungu ta san an kore ta, ko da ba a furta ba.

Na shida. Lauratu, Ƙofar Ruwa inda kike aure ba nisa ba ce, ki riƙa zuwa. Bakinki yana da kaifi, na kuwa ji abin da kika ce a wurin wani taron suna game da 'ya'yan masunta, don magana ba ta kwana a hanya. Amma na san zuciyarki, ke ce kika riƙe Hajo ranar da aka fita da Salihu, kuka faɗi tare. Ki koma wannan Lauratun. In kin zo ki fara shiga ɗakinta kafin na kowa, ki ci abin da ta dafa, 'yan'uwanki maza za su ji kunya su bi sahu. In lokacin auren Mardiya ya yi, daga gidan nan za a ɗauke ta, Baffa ne waliyyinta, kuma ba za a yanke komai ba sai da sanin uwarta.

Na bakwai, wannan ga Hajo ne, a karanta mata tana zaune, ba a bayan ƙofa ba. 'Yata, da kika gama takaba iyayenki sun aiko ki koma Wudil, na roƙe ki ki zauna don Mardiya ta tashi a gidan ubanta, kika zauna. Tun da na kwanta ke kike juya ni, ke kike dama mini kunu. Ban ba ki ɗakin nan don in ɗaure ki ba, ba kuma don gora ba, ko da babu gora ko ɗaya a duniya naki ne. In Allah ya kawo miki miji nagari ki yi aurenki, babu mai riƙe ki. Abin da ba na so shi ne ki fita don kin ga ba a son zamanki.

Na san kuwa kin fara shiri. Idona ya raunana amma kunnena lafiya lau yake. Kowace shekara war haka, kafin itace ya yi tsada, kikan sayi kayan jakai a jibge miki a bayan madafa, wanda zai kai ki ƙarshen damina. Bana ban ji an sauke ko ɗaya ba. Ɗan ƙwarya-ƙwarya na yini kike aikawa a sayo, kamar baƙuwar da ba ta san ranar tafiyarta ba. Da na gane haka na juya fuskata bango na yi kuka, ban kuwa yi irinsa ba tun rasuwar Salihu.

Don haka ga abu na ƙarshe, kuma naka ne Baffa. Ba na neman ka je ka durƙusa ka yi dogon ban haƙuri, na san ka, maganar za ta maƙale maka a wuya, ita ma kunya za ta hana ta ɗaga kai. Ka fita ka tari masu jakai, ka zaɓi itacen ƙirya busasshe mai daɗewa a wuta, na damina guda cur. Kada ka aiki kowa. Ka shigo da su ta zaure, ta ƙofar da kowa ke bi, ka tsaya da kanka a jibge shi a bayan madafarta. Ba sai ka ce komai ba, za ta gane.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Allah ya sa albarka a allurar Baffa da wuƙar Gwadabe da ɗakin Lauratu da murhun Hajo, ya raya Mardiya, ya jiƙan Nana da Salihu. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Ku zauna gida ɗaya, ƙofa ɗaya, kada ku bari wani daga waje ya zo ya ƙirga ku ya tarar an rage mutum biyu.

An saba karanta wasiyya bayan an dawo daga maƙabarta. Ni na ce wa Malam Jafaru kada ya jira, ya tara ku ya karanta muku yau bayan la'asar. Ɗakina yana jikin tsakar gida, Baffa, in an sauke itace ina ji. Ban san kwana nawa suka rage mini ba, amma ina saurare.