Rigar Marigayi Labbo Da Anka Sa Ni Sawa

Zuwa ga Mai Girma Baturen kamfanin fata da ƙirgi na nan Sakkwato.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ni ne Garba Dundaye, wanda ya yi shekara tara yana ɗaurin fata a sito, anka kuma maishe ni masinja kwanan nan. Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishinka akawu na cewa ba ka da sarari. Shi ya sa na sami malami ya rubuta mini wagga takarda kashi biyu, ɗaya a miƙa maka, ɗaya a karanta wa ma'aikata a bakin sikeli, don abin da ya same ni a bainar jama'a ya faru.

Na ɗaya. Ba ni da ja da dokar tufafi. Bara da anka ce masinjoji su riƙa sa rigar kaki mai maɓallan tagulla da jar hula, kowa ya bi. Mun gane amfaninta: dillali ya hango kaki ya san saƙon kamfani ne, dogari ba shi tare ka a hanya. Ni kaina da anka ce na zama masinja, murnar rigar na yi.

Na biyu. Wanda na gada shi ne Labbo, aminina tun muna yara. Ya faɗi a hanya da zafin rana yana ɗauke da takardarku, jini na zuba ta hancinsa, anka kai shi gida Ƙofar Kware, ya cika washegari. Ni na riƙe buta wajen wankansa. Ranar sadakar uku, muna zaune a kan tabarmi ana addu'a, sai ga Helma Ɗan'ige, shugaban masinjoji. Mun zaci gaisuwa ta kawo shi. Ya zauna kaɗan, ya shige cikin gida, ya fito da ƙunshi a hammata. Sai daga baya matar marigayin ta gaya mini cewa riga da hula ya karɓa, ya ce kayan kamfani ne, kuma umurni ne daga sama. Ranka shi daɗe, shin da gaske daga gare ka wanga umurni ya fito? Har yau na kasa yarda.

Na uku. Ranar Litinin da ta wuce Helma ya miƙo mini ƙunshi ya ce in sa. Ina warwarewa na ga rigar marigayin ce. Ko wanki ba a yi mata ba. Ga jinin nan ya bushe a wuya, ga warin zufarsa. A gwiwar hannun dama kuma ga faci da baƙin zare, wanda mahaifiyarsa Inna Hajo ta yi mishi, don idonta ya yi rauni ba ta bambance launin zare. Mun sha yi mishi tsiya a kan facin nan. Na ce wa Helma wagga rigar Labbo ce, ba zan iya ba. Ya ce riguna huɗu kamfani ya ɗinka, masinjoji huɗu ne, wanda ba shi so ƙofa na buɗe. Ina da mata da 'ya'ya biyar, gonata kuma ambaliya ta cinye ta bana. Na kai rigar gulbi na wanke da sabulu har sau uku, jinin ya dushe amma bai fita ba. Na sa.

Na huɗu, kuma shi ne abin da ya hana ni sakewa. Ranar Alhamis da hantsi anka aike ni wurin wani dillalin fata a Ƙofar Kware. Na roƙi a tura wani, anka ƙi. Babu hanyar gidan dillalin sai ta ƙofar gidan Labbo. Na sunkuyar da kai ina sauri, ashe Inna Hajo na zaune a bakin zaure da farantin daddawarta. Tsohuwar da sai an kama ta take tashi, sai ga ta tsaye. Ta ɗaga murya ta ce, "Labbo! Ashe ƙarya sunka yi mini?" Ta taho tana tuntuɓe, ta kifar da farantin, ta cafki hannuna. Yatsunta sunka faɗa kan facin, ta yi ta shafa shi tana dariya tana kuka. Na ce, "Inna, Garba ne." Sai da na faɗa sau uku. Ta ɗago ta matso da fuskarta dab da tawa, ta sake ni, ta zube ƙasa.

Mutane sunka taru. Mata sunka ɗauke ta anka shiga da ita. Ina tsaye na ji wani daga baya yana cewa, ashe aminin nan jira yake yi, ya gaji aiki ya gaji riga. Unguwar da nake shiga kamar gidanmu shekara talatin! Nan a tsakiyar hanya na ɓalle maɓallan na tuɓe ta, na tsaya daga ni sai wando, ni magidanci mai furfura a gemu. Liman ne ya yafa mini mayafinsa. Takardarku kuwa na kai ta, na kawo amsa, akawu shaida ne. Da na dawo Helma ya ce in tafi gida, kada in komo sai da kaki a jikina. Yau kwanana huɗu.

Jiya na je duba Inna. Tana kwance, kunu kaɗai ke shiga cikinta. Ba ta zarge ni ba, ta ma sa mini albarka. Abu guda ta roƙa: a bar mata rigar, don ita ce ta ƙarshe da ɗanta ya sa yana tafiya da ƙafarsa.

Saboda haka ga roƙona. A ba Inna Hajo rigar, tana nan a naɗe wurin akawu. A ɗinka mini wata, maɗinka sun cika kasuwa kuma aikin yini guda ne, kafin nan a bar ni in yi aiki da rigata ta gida da jar hular. A kuma hana shiga gidan makoki karɓar kaya, a bari har a yi arba'in. In kuwa ba za a yi ba, a maishe ni sito wurin ɗaurin fata, zan koma ba tare da ƙorafi ba. Rigar dai ba ta sake hawa jikina.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi ba ka ikon yin adalci ga na ƙasa da kai, shi maishe ka ƙasarku lafiya ka iske mahaifiyarka da rai, ta gan ka ta gane ka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba Dundaye.