Rigar Ankon Da Ramatu Ta Ɗinka Min

Assalamu alaikum 'yan gurup. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan ajinmu a nan ciki. Ko da yake in sun karanta za su gane ni, to su gane ɗin, ko a jikina. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku fara ce min yarinya ce ba ta san duniya ba.

Shekarata goma sha bakwai, a Lolo nake ta ƙaramar hukumar Bagudo, bana na gama aji shida na sakandare, mun rubuta jarrabawar fita muna jiran sakamako. Mu huɗu ne ƙawaye tun aji ɗaya, ni da Fiddausi da Maryama da Ramatu, bencinmu ɗaya, kwanonmu ɗaya, in an kama ɗaya da surutu duka ake haɗa mu a zane. Amma a cikinsu Ramatu ce tawa. Iyayenta masunta ne, gidansu na wata tunga a bakin kogin Neja, kullum sai ta hau kwalekwale sannan ta tako da ƙafa, kuma duk da haka sai ta riga mu 'yan cikin gari shiga aji. Muna aji huɗu yayarta ta haihu a cikin kwalekwale ana hanyar kai ta asibiti, Allah ya sa ita da jaririn suka rayu. Washegari Ramatu ta ba ni labari, a ranar muka yi alƙawari za mu karanta aikin jinya, mu shiga kwaleji tare, ɗaki ɗaya, mu dawo tare.

Daminar bara ruwa ya cinye tungarsu ƙaf, suka kwashe suka tsallaka iyaka wajen gwaggonta a ƙasar Benin, ba waya ba saƙo. Kafin ruwa ya janye su dawo an rufe rajistar jarrabawa, an gama ɗaukar hoto da dangwala yatsa. Ni na ja ta har ofishin malamin jarrabawa, na roƙa, na yi kuka, da na ga ba ci sai na ɗaga murya. Ya ce abin ba a hannunsa yake ba, kuma yanzu na san gaskiya ya faɗa, amma ranar sai da na share filin makaranta saboda rashin kunya. An dai yarda ta maimaita aji shida baɗi. Kafin nan babanta ya kai ta koyon ɗinki shagon wata tela a bakin kasuwar Lolo.

Nan fa na ga halin mutane. Da aka zo shirin walimar gama makaranta Fiddausi ce shugabar kwamiti, aka fitar da atamfar anko, sai kawai na ga an cire Ramatu daga gurup ɗin aji. Na tambaya, Fiddausi ta ce anko na waɗanda suka rubuta jarrabawa ne, Maryama kuma ta ce wai don kada ran Ramatu ya ɓaci ne. Na ce kun tambaye ta? Shekara biyar Ramatu na yi wa Fiddausi aikin lissafi, yau ita ce ba ta kai ta sa atamfa ɗaya da ita ba? Na faɗa musu maganganu, ba zan ɓoye ba, kuma ko yanzu ban janye ko ɗaya ba. Na ce su tuna duniya rawar 'yan mata ce, na gaba shi ke komawa baya, ruwan da ya ci gidansu Ramatu bai yi rantsuwa zai tsaya nan ba. Na fita daga gurup ɗin, na ce ba ni ba ankonsu. Kun san inda suka kai ɗinkin? Shagon da Ramatu take. Ita ke yi musu kalmasa, ita ke goge rigunan walimar da aka ce kada ta zo. Wallahi duk sanda na tuna sai na ji zuciyata na tafasa.

To a gida kuma Baba ya sayar da shinkafarsa ta rani ya ware kuɗin karatuna, ya ce bayan walima zai kai ni Birnin Kebbi a yanki fom ɗin kwalejin jinya. Na ce masa ni bana ba inda za ni, zan zauna in taya Inna tsaron rumfa a kasuwa, in riƙa yi wa Ramatu bitar karatu, baɗi mu tafi tare. Ya dube ni ya ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika cewa? Baɗi ta Nasiru ce, manomi ba shi ɗaukar kaya biyu kai guda." Nasiru ƙanena ne, aji biyar yake, kuma na san Baba ba barazana yake ba, in na bar bana ban san ranar da layi zai sake zuwa kaina ba. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce taurin kan kakata na kwaso. Na yi kunnen uwar shegu da su duka, don a ganina alƙawari kaya ne, ba a sauke shi don hanya ta yi nisa.

Sai jiya, ranar kasuwa, ga Ramatu da baƙar leda a rumfar Inna. Na buɗe, rigar anko ce da zane da ɗankwali. Ashe bandar kifin mamarta ta riƙa sayarwa har ta yanki atamfar, ta ɗinka min da hannunta, ko awo ba ta yi min ba. Ashe kuma Inna ce ta je ta same ta ta kwashe komai ta gaya mata. Ta ce, "Ki sa ta ki tai walima, ki bi Baba Birnin Kebbi. Wallahi in kinka zauna don ni ba ni komawa makaranta, Benin za ni wurin gwaggo, in ga wa za ki jira." Na ce ita ce za ta fara karya alƙawari kenan, ta ce ita abin da ta sani tungarsu na buƙatar nas, ba 'yan mata biyu da za su zauna suna kallon juna ba. Raina ya ɓaci na ce mata butulu, a gaban mutane. Ko a jikinta, dariya ma ta yi, ta ce ta ƙara wa wuyan faɗi saboda girman kaina, ta juya ta tafi.

Ga inda na rasa mafita. In na tafi, wa zai tsaya mata? Za ta zauna aji ɗaya da ƙannenmu suna nuna ta, telar kuma kullum cewa take Ramatu na da hannu, tsorona kada in dawo hutu in tarar keken ɗinki ya cinye ta. In kuma na kafe na zauna, na san Ramatu, ba ta rantsuwar banza, tsallakawa za ta yi, in rasa ta in rasa karatun. Don Allah kada wanda ya ce min ƙawancen sakandare ba ya ɗorewa, na ji wannan har na gaji, wataƙila naku ne bai ɗore ba. Kada kuma a ce in ba su Fiddausi haƙuri, ba zan bayar ba. In har na sa rigar nan ranar Asabar, hannun Ramatu zan riƙe mu shiga wajen walimar tare, in ga wanda ya isa ya tare mu a ƙofa.

Ranar Litinin Baba zai tafi Birnin Kebbi, ya ce ko da ni ko ba ni, ba zai sake maganar ba. In hau bayan babur ɗinsa mu tafi tasha, ko in tsaya a kan bakata? Wanda ya taɓa barin aboki a baya ya faɗa min gaskiya, ya iske shi daga baya ko kuwa shi ke nan? Rigar na nan rataye a ƙusa, na gwada ta ina addu'ar ta matse ni in samu abin faɗa, amma ko'ina ta zauna min daidai.