Ƙorafi a Kan Makullin Injin Sanyi da Ɗumi na Shagunan Gamji

Daga:
Armiya'u Sanusi, Tela,
Sakataren Ƙungiyar 'Yan Haya,
Rukunin Shagunan Gamji, Hanyar Shinkafi,
Ƙaura Namoda.

21 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Amintattu,
Rukunin Shagunan Gamji,
Ƙaura Namoda.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: JUYA INJIN GINI ZUWA ƊUMI A TSAKIYAR BAZARA, DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, na rubuto wannan takarda a madadin Malama Iyatu Jangeru, mai sayar da kindirmo da fura a shago na huɗu. Ta so ta zo ofishinka da ƙafarta. Ƙungiya ta dubi irin yanayin da take ciki, ta ga rubutu zai fi zama alheri ga kowa.

1. A watan Nuwamba na bara kwamitinka ya girka mana inji mai aiki da gas a bayan gini, wanda ke zuƙe zafin shaguna ya fitar waje da bazara, in ɗari ya shigo kuma a juya shi ya hura mana ɗumi. Mun gode, Allah ya saka. Ba wanda ya kai Malama Iyatu murna. Tun rasuwar maigidanta da wannan shago take riƙe da gida, kuma nonon matan rugagen Jangeru ita ke karɓarsa kowace safiya. A da kafin la'asar ya yi tsami. Injiniyan da ya haɗa injin ya yi mana bayani cewa bututu ɗaya ne ya ratsa dukkan shaguna, saboda haka ko dai a sha sanyi tare ko a sha ɗumi tare. An kulle akwatin juyawar, aka danƙa makullin ga Malam Wakili, mai kula da gini.

2. Ranar Litinin, 7 ga Afrilu, Alhaji Maccido Gurbin Bore ya kama shago na biyar, bango ɗaya da Malama Iyatu, ya zuba 'yan tsaki na sayarwa. Ƙanwarsa ce a ɗakin Malam Wakili. Ba mu faɗi haka don zargi ba, mun san kwamiti na son cikakken bayani ne.

3. Ranar Alhamis, 10 ga wata, da hantsi, Malama Iyatu ta ji zufa na tsatstsafo mata. Ta ɗauka zazzaɓi ne, har ta aika kemis aka sayo mata magani ta sha. Sai da ta ga mai kemis ɗin da kansa ya fito yana fifita da kwalin sirinji, wanzami kuma ya saki kan mutum rabi a aske ya tsaya bakin ƙofa, sannan ta kai hannu ga kafar da iskar inji ke shigowa. Wuta ce ke fitowa. Kafin azahar kindirmonta ya kumbura yana ture murafai. Da ta sami Malam Wakili, sai ya ce mata injin Turawa ne, yana da nasa ra'ayi. Da ta roƙi Alhaji Maccido, cikin lalama a karon farko, ya fitar da tsakinsa rana tunda Allah ya hore ta kyauta, sai ya ce nasa haihuwar Kudu ne, ba su san ranar Ƙaura ba, ɗumin inji kaɗai jikinsu ke karɓa. Nonon ranar gaba ɗaya a kwata ya ƙare. Ta zubar da shi tana juya mana baya don kada mu ga idonta.

4. Gaskiya ta wajaba a takardar hukuma. Ranar Litinin, 14 ga wata, Malam Wakili ya rataye makullin a ƙusa ya tafi alwala. Malama Iyatu ta buɗe akwatin ta murɗa injin zuwa ƙarshen sanyinsa. Ƙungiya ba ta goyi bayan wannan ba, ko da yake ba a sami wanda ya tashi ya hana ba. 'Yan tsakin suka taru a lungu ɗaya suna karkarwa. Alhaji Maccido ya kwashe su cikin babbar rigarsa ya zauna a ƙasa ya rungume, a haka wani dillali daga Zurmi ya tarar da shi, suka gaisa rigar tana kuka. Ba a rasa tsako ko ɗaya ba.

5. Daga ranar Malam Wakili ya ɗauki hanyar adalci irin tasa: wanda ya fi ɗaga murya, shi za a juya wa inji. Malama Iyatu da Alhaji Maccido kuwa, duka biyun Allah ya ba su murya. Yau ba shagon da ba a tari a cikinsa, sai na mai kemis, shi kam bai sa hannu a wannan takarda ba. Abin da ya fi damun ƙungiya shi ne saƙon da Inna Tasalla, shugabar matan da ke kawo nono, ta aiko da shi ranar 17 ga wata. Ta ce ba za su tatsi shanu don a shayar da kwata ba; in aka sake, za su karkata ƙoransu zuwa Zurmi. Idan haka ta faru, shago na huɗu ya rufu ke nan, kuma akwai marayu a bayansa.

6. Akwai ɗaki a jikin injin wanda kullum yake da ɗumi, ko injin na hura sanyi ko akasin haka, domin zafin da yake fitarwa nan yake bi. An halicci ɗakin nan don 'yan tsaki. Malam Wakili ya ce cike yake da kayan aikin hukuma. Ƙungiya ta tura wakilai uku suka leƙa. Sun tarar da kilishi shanye a kan faifai har bakin ƙofa, da butar shayi zaune a kan bututun ruwan zafi. Wakilan sun tabbatar da cewa kilishi ne, domin sun bincika sosai.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ladabi:

(a) A mayar da Alhaji Maccido da tsakinsa ɗakin nan na jikin inji, a nema wa kayan aikin hukuma wani wuri.

(b) A bar injin a kan sanyi har damina ta sauka.

(c) A karɓi makullin daga hannun Malam Wakili. Malama Iyatu ta tsaya a kaina sai na rubuta cewa ita ya kamata a ba. Ga shi na rubuta. Ƙungiya dai na ba da shawarar a ajiye shi a ofishinka, cikin aljihun tebur mai kulle.

Muna kuma gayyatarka ka zo ka gani da idonka. Sai dai muna roƙon ka turo a tambaya kafin ka baro gida, don a san irin tufar da za a tanadar maka. Mu kanmu sai mun buɗe shago muke sanin ko bazara muka kwana ko ɗari.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da nisan kwana, ya sanyaya zukata, ya bar ɗumi inda ake bukatarsa.

Naka mai biyayya,

Armiya'u Sanusi
Sakatare, a madadin Malama Iyatu Jangeru da sauran 'yan haya.