Abin Zaƙin Italiya a Gindin Randa

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya Abijan? Mu nan Maradi sai godiya, ko da yake damina ta sake ƙi.

Jiya na yi wa Inna abin zaƙin nan da kika koya wajen matar Italiya da kika yi wa aiki: a tsoma biskit cikin kafe, wato ruwan kofi, a shimfiɗa kindirmo da sukari, a barbaɗa garin cakulan. Kin tuna Inna tana faɗa wai abin da bai ga wuta ba ba abinci ba ne, kuma ita ke lashe kwanon?

Kindirmo babu, shanun Bafulatanarmu ta Jiratawa sun mutu. Sai na dama madarar gari da sojoji suka raba a Sabon Gari. Na kuma bar biskit ya jiƙa kamar burodi a shayi, abin da kike bugun hannuna a kai, duk ya zama kunu. An ɗauke kuran, ba lantarki, firigo na sanyaya abinci ba amfani, na binne kwanon cikin rairayin gindin randa.

Inna, wadda abinci ba ya shigar mata kwanan nan, ta shanye tas. Ta ce, "Na Hadiza tsayawa yake. Ki ce ta zo ta gyara."

Ki gaida yara, ki roƙa mana ruwa. Jikin Inna ba kamar da ba, Yaya. Saƙonta dai na isar.

Ƙanwarki,
Rabi